Ranar Da Na Kira Sunan Binta

Ku 'ya'yana da jikokina kun tashi kun tarar ina kiran babbar yayarku da sunanta, gatsal, kamar yadda nake kiran kowa. Kun kuma tarar tsofaffin unguwarmu suna ce mini Ta-Inugu, suna ɗan murmushi in sun faɗa. Wasunku sun ɗauka yabo ne. Ba yabo ba ne. A zamaninmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta sa baki in ana maganarsa, kuma duk wadda ta yi haka an gama da ita, mara kunya ce. Na ji ana gaya muku wai zaman Kudu ne ya lalata ni, wai wata Baturiya ce ta hure mini kunne. Akwai Baturiya a cikin labarin, ban musa ba, amma ba haka abin ya faru ba. Tunda waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, ban da ni da ita Bintar, gara in faɗa da bakina kafin in bi su.

Lokacin da aka kai ni Inugu mahaifinku yana sayar da wake da albasa a kasuwar Ogbete. Gidan haya muke ciki a bayan kasuwa, dogon gida mai ɗakuna jere suna kallon juna, da famfo ɗaya a tsakar gida wanda ba a rasa faɗa a kansa kowace safiya. Hausawa ne suka fi yawa, amma akwai Ibo, akwai wani mutumin kudancin Zariya mai aikin jirgin ƙasa da iyalinsa. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, tana tare da mu, tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Mace ce mai kaifin baki da kaifin ido. Ba ta taɓa cutar da ni ba, ba ta kuma taɓa yaba mini ba. A gidan nan na haifi Binta, kuma na yi abin da aka koya mini daidai. In na shayar da ita sai in miƙa wa wanda ke kusa. In maganarta ta kama dole, sai in ce yarinyar nan. In ta faɗi a gabana sai in kau da kai har wani ya zo ya ɗaga ta. Da ta fara magana Yaya take ce mini, don haka ta ji ƙannen mahaifinku suna kirana. Kada ku ɗauka ba na son ta. Ina son ta, har in tana zazzaɓi abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Amma son ɗan fari a lokacin a ciki ake yin sa, ba a fito da shi fuska.

A wurinmu ɗan fari na kaka ne, to amma Inna tana bakin kasko tun asuba, ga ciwon gwiwa, ba ta iya bin yarinya mai rarrafe. Wadda hannunta ya fi kusa ita ce maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe, wata Ibo mai suna Ifeoma, wadda muke kira Madam. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. A Sabon Garin Zariya ta girma, don haka Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Tana tara ƙananan yara a barandar ɗakinta da safe, waɗanda ba su isa shiga makarantar gwamnati ba, tana koya musu waƙoƙi da ƙirga da wanke hannu. Mutanen garin suna kiran irin wannan wuri makarantar masu cin ƙosai, kuma sunan ya dace, don rabin cinikin Inna a wurin yaran nan yake. A barandar nan Binta ta koyi tafiya. A bayan Madam take barcin rana, a kwanonta take cin abinci, kuma kafin ta iya haɗa maganar Hausa ta riga ta iya tsiwa da Ibo. Babu wanda ya ga aibin haka. Abin da ya dame ni kawai shi ne al'adarsu kishiyar tamu ce: su da sunan ɗan fari suke kiran mace. Madam sai ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya:

"Mama Binta! Zo ki ga abin da 'yarki ta yi!"

Ni kuwa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe ta ta daina, ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Amarya, ku Hausawa kuna ba ni mamaki. Ki sha wahalar wata tara, sannan ki yi kamar tsintar ta aka yi a kasuwa?"

Baturiyar ta zo ne Binta tana da kamar shekara huɗu, ina goyon ƙanenta Garba. Ba Ingilishi ba ce, daga wata ƙasa mai sanyi take can gaba da su, mijinta yana aikin asibiti. Misis Ana ake ce mata. Doguwa ce, fuskarta ta ƙone da rana, tana zama a tabarma ta miƙe ƙafa kamar mu. Madam ta gaya mana aikinta shi ne yawo ƙasa ƙasa tana duba yadda ƙananan yara ke wasa da yadda suke koyon abu kafin su shiga makaranta. Ta zauna a Indiya, ta zauna a wata ƙasar Larabawa, a nan ma tana zuwa irin waɗannan barandu a Anaca da Fatakwal. Ta kawo wa Madam wani akwatin katako cike da kaya: duwatsun wuya manya na zarge, da katuna masu hoto, da guntayen katako masu santsi, daga babba zuwa ƙarami, waɗanda ake son yaro ya ɗora su bisa juna har su yi tsini. Katunan ba su yi amfani ba, don hotunan 'ya'yan itatuwan da ba mu taɓa gani ba ne da yara sanye da rigunan sanyi, sai Madam ta juya bayansu ta zana doya da akuya. Katakan kuwa, ranar farko yaran suka jera su a faranti suka mayar da su ƙosai, Binta ta zauna ta karkace kai kamar Inna tana cewa ba ta ba da gyara. Na zaci Baturiyar za ta yi fushi. Sai ta zauna ta saya, har da neman ragi.

Bayan nan ta roƙi alfarma, iyaye mata su riƙa zuwa ranar Laraba da hantsi su zauna da 'ya'yansu su yi wasa tare. Mun je, don Madam ce ta roƙa, kuma ana raba biskit. Matan Ibo kowace ta ja ɗanta ta ɗora a cinya. Ni na zauna a ƙarshen tabarma na ɗauki ɗan maƙwabciyata ina zarge masa duwatsu, Binta tana can jingine da Madam. Haka muka yi ta yi makonni. Ashe Baturiyar duk lokacin nan ta ɗauka Binta marainiya ce Madam ke riƙo. Ranar da ta ji gaskiya sai ta zo har ƙofar ɗakinmu, Madam na yi mata tafinta, Inna tana zaune tana surfa wake. Ta gaishe mu da Hausarta ta kame-kame, sannan ta ce ba ta zo gyara mana komai ba, tambaya kawai take so ta yi. Ta ce a ƙasarsu uwa ita kaɗai ke zama da ɗa a ɗaki, ta yi masa karatu, ta yi masa waƙa, har wani lokaci su gaji da juna. Ta ce a Indiya ta ga kakanni suna shafa wa jarirai mai suna yi musu hira. Amma ba ta taɓa ganin inda uwa ke ɓoye kanta daga ɗanta da gangan ba, tana son ta san dalili.

Maganar ba tawa ba ce. Inna ce ta amsa, ba ta ko ɗaga kai daga turmi ba.

"Gaya mata, in uwa ta ƙanƙame ɗa ta ce nata ne, ranar da ta mutu ya zama maraya. Mu namu na kowa ne. Yarinyar nan a gidan nan ɗaki nawa ne ba ta cin abinci? Wa ya taɓa ganin ta da yunwa, ko da datti?"

Baturiyar ta gyaɗa kai, ta ce wannan magana ce babba, kuma za ta kai ta gida, don a can akwai yaran da ba su da kowa sai mutum ɗaya. Daga nan ta juyo gare ni.

"In ta tsorata, wurin wa take gudu?"

Na ce wa Madam ta gaya mata duk wanda ya fi kusa.

"In babu kowa kusa fa?"

Dariya muka yi, har da Inna. Gidan da ko wanka za ka yi sai ka bi layi, ta ina za a rasa mutum kusa? Bayan ta tafi Inna ta ce Turawa da sun ƙoshi sai su fara tambayar abin da ba a tambaya.

Akwai wani wasa da Baturiyar ta koya wa Madam wanda yaran suka fi so. Sai kowa ya yi tsit, a rufe wa yaro ido da tafin hannu, wani ya koma can ƙarshen baranda ya kira sunansa a hankali, shi kuma ya taho idonsa a rufe yana bin muryar har ya faɗa jikin mai kiran. Ta ce yana koya wa yaro saurare da natsuwa. Wata Laraba ta ce yau iyaye ne za su yi kiran. Aka bi layi, kowace ta kira nata, ana tafi ana shewa. Da aka zo kaina sai na sunkuyar da kai ina gyara goyon Garba. Matanmu suka fashe da dariya, don sun san ba zan yi ba, su ma da su ne ba za su yi ba. Binta tana tsaye an rufe mata ido, tana jira, tana ɗan murmushi. Da jiran ya yi yawa Madam ta ba wata ta riƙe mata idon, ta koma ƙarshen baranda ta kira ta. Yarinyar ta tafi kai tsaye, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Na tafa tare da kowa. Amma ranar na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, kishi ne tsagwaronsa, kuma na yi istigfari a kansa.

Wannan duk a shekarar da sojoji suka yi juyin mulki sau biyu ne, kafin yaƙin basasa. Ba zan ba ku labarin siyasar ba, ban san ta ba a lokacin, yanzu ma kowa da yadda yake faɗa. Abin da na gani shi ne, Baturiyar ta zo sallama ta bar wa Madam akwatin, ta ce an umarci matansu su koma gida. Daga baya jiragen ƙasa suka fara isowa daga Arewa cike da Ibo, wasu da raunuka, wasu ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Gidanmu ba nisa da tasha, muna jin kukan mata daga tsakar gida. Madam tana da ƙane a Kano mai gyaran agogo, kullum sai ta je tasha ta tsaya, kullum ta dawo ita kaɗai. Masu sayen wake suka daina tsayawa a rumfar mahaifinku. Inna ta daina fitar da kasko. Matan da muke faɗan famfo da su suka daina faɗa da mu, kuma wannan shirun ya fi ba ni tsoro fiye da zagi. Muka ji an taɓa Hausawa a Anaca da Fatakwal, sannan aka ƙone wasu rumfuna a kasuwarmu. 'Yan sanda suka zo suka kwashe mu zuwa bariki, aka ce za a sa mu a jirgi mu koma Arewa.

Kafin a kwashe mu, Madam ta riga ta ɗauke Binta ta kai ta gidan yayarta a wata unguwa, ta sa mata riga irin ta yaransu, ta yi mata kitson zare. Duk wanda ya gan ta ba zai ce ba tasu ba ce. Ta biyo mu bariki da rana da kwanon abinci, idanunta sun kumbura da kukan rashin ƙanenta, ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, hanya ba ta da kyau. Ba wanda ya san abin da zai sami jirgin nan kafin ya haye Binuwai. Ku bar mini ita. In ƙura ta lafa ɗanki Malam ya zo ya ɗauka. Na rantse da Allahn da ya yi ni, sai dai a kashe ni kafin a taɓa ta."

Inna ta yi tunani, ta ce to. A wurinta ba wani baƙon abu ba ne, riƙo ne, ita ma a hannun gwaggonta ta tashi. Ta ce wata biyu ko uku ne, kuma wadda ta goya yarinya tun tana jaririya ba za a hana ta ba ranar da ta roƙa. Mahaifinku ya ce abin da Inna ta yanke shi ke nan. Ba wanda ya dube ni, kuma ba raini ba ne, mutunci ne suka yi mini, don tambayar uwa ra'ayinta a kan 'yar fari cin fuska ne. Na san Madam gaskiya take faɗa, na san za ta iya mutuwa a kan yarinyar. Na kuma san, ba tare da wani ya gaya mini ba, cewa abin nan ba na wata uku ba ne. Wanda ya ji kukan da muka ji daga tasha ya san ba za a koma sayen wake kamar da ba.

Da hantsi aka kai mu tasha a manyan motoci. An ja igiya, 'yan sanda sun tsaya a jere, mu muna ciki da ƙunshin kayanmu, mutanen gari suna waje, wasu suna kallo kawai, wasu suna faɗin maganganu. Muna zaune a ƙasa muna jiran a ce mu shiga, maza gefe, mata gefe, sai na hango Madam a bakin igiya. Ta kawo Binta ta yi wa kakarta sallama. Yarinyar tana riƙe da zanenta da hannu ɗaya, ɗayan hannun da guntun katakon nan mafi ƙanƙanta, tana kallon jirgi, ba ta ma gan mu ba. Ban yi shawara da kowa ba. Na tashi da Garba a bayana, na tsallake ƙafafun mata, na isa bakin igiyar.

"Madam, ba ni ita."

Ta dube ni ta daɗe. Ban san abin da ta gani ba. Sannan ta fara ɓamɓare hannun yarinyar daga zanenta. Binta ta ƙanƙame ta, ta fara kuka tana magana da Ibo. Nan take mutanen da ke kusa suka juyo. Wani ya ɗaga murya cewa ga Hausawa za su tafi da 'yarsu, bayan duk abin da aka yi musu. Wani ɗan sanda ya gicciya sandarsa tsakanina da su.

"Na who get dis pikin?"

Wai 'yar wa ce. Madam ta nuna ni. Ya dubi kitson, ya dubi rigar, ya saurari abin da yarinyar ke faɗa, ya girgiza kai. Ya matsar da Madam baya kamar taku goma, ya sa ta saki yarinyar ta tsaya a bayanta. Sannan ya yi mini magana, Madam ta fassara daga inda take.

"Ya ce in taki ce, ki kira ta ta zo."

A bayana akwai Inna, akwai mahaifinku, akwai limaminmu da dattawan kasuwa, duk suna kallo. Na buɗe baki na ji sunan ya yi mini nauyi, don ban taɓa furta shi ba ko ni kaɗai a ɗaki. Na ce:

"Binta."

Na ji Inna ta ce a'uzubillahi. Yarinyar ba ta waiwayo ba. Na ƙara da ƙarfi, har muryata ta tsage. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan sandan, ta dubi wata mai sayar da lemo, ta dubi sama, tana neman mai kiran, idonta ya bi ta kaina ya wuce. Ta san fuskata sarai, amma a saninta Yaya ba ta kiran ta, don haka ba daga wurina take tsammani ba. Mutumin nan da ya ɗaga murya ɗazu ya fara ihu cewa kun gani. Ɗan sandan ya fara tura ni baya da sanda.

Sai Madam ta sunkuya ta rufe wa Binta ido da tafukanta biyu, ta yi mata raɗa a kunne. Yarinyar ta daina kuka, ta tsaya cik yadda take yi a baranda. Madam ta ɗago ta dube ni ta gyaɗa kai. Na durƙusa a ƙasa, na sassauta murya na kira ta. Madam ta janye hannuwanta. Binta ta taho idonta a runtse, hannunta a miƙe da katakon a ciki, ta bi ta ƙarƙashin igiya ta faɗo jikina. Ɗan sandan ya ɗage sandarsa ya juya mana baya. Kafin in miƙe da yara biyu in duba, Madam ta shige cikin mutane. Ban yi mata godiya ba, ban yi mata ta'aziyyar ƙanenta ba, kuma wannan ne ganina da ita na ƙarshe.

Jirgin ya kai mu lafiya, ba abin da ya same shi a hanya. Binta ta yi kukan Madam har muryarta ta dushe, ta ƙi karɓar ruwa daga hannuna sai daga na Inna. Da muka iso gida ta yi kusan wata biyu ba ta magana da kowa, don Ibon da take ji ba mai amsa mata, kuma mun hana ta yin sa a waje. Labarin tasha kuwa ya riga mu shiga gari. Inna ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta yi ya fi faɗa. Daga ranar har ta rasu ba ta ƙara yi mini magana kai tsaye ba sai ta bakin wani, ko da muna ɗaki ɗaya. A ganinta na tozarta ta sau biyu, na karya maganarta a gaban maza, na kuma ƙwace amana daga hannun matar da ta yi mana alheri ranar da take cikin makoki. Na biyun ban taɓa samun amsarsa ba. Mata suka daina kirana wankan jego da kamun amarya, don ba a son mara kunya kusa da 'yan mata. Ni kuma tunda an riga an sa mini suna, sai na ci gaba. Kullum da safe in kira ta, da dalili ko babu, har kunnenta ya saba.

Yaƙi ya ɓarke bayan wasu watanni, ya kuma daɗe fiye da yadda kowa ya zata. Da aka gama mahaifinku ya koma Inugu neman abin da ya rage na rumfarsa, na roƙe shi ya nemi Madam. Ya tarar da wasu mutane a gidan, rufin barandar ma babu. Wata tsohuwa ta ce ta ji sun gudu ƙauye ita da yayarta lokacin da garin ya faɗi, daga nan ba labari. Inna da ta ji haka sai ta ce wa Garba ya gaya wa uwarsa ta ƙara gishiri a miya. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Kun san abin da Binta ta zama. Ta yi shekaru tana shugabantar makarantar ƙananan yara, an kai ta taro ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, tana dawowa da littattafai da kayan wasa irin na akwatin nan, sai dai yanzu na roba ne. Ta ce mini har yau ana gardama a can kan abin da Inna da Baturiyar suka tattauna a bakin turmi, ko hannu ɗaya ya fi wa yaro ko hannu da yawa. Ni ban shiga gardamar ba. Na rayu shekaru masu yawa da abu ɗaya da nake riƙe da shi: cewa ranar da aka rufe mata ido, jini ya yi aikinsa, ta gane muryar uwarta. Da shi nake rarrashin kaina duk lokacin da aka yi biki ba a kira ni ba.

Bara da ta zo jinyata, tana shafa mini man zafi a gwiwa, na tambaye ta ko tana tuna tashar Inugu. Ba mu taɓa yin maganar ba. Ta ce kaɗan take tunawa, hannuwa masu ƙanshin manja a kan idonta, da ƙarar jirgi.

Na ce, "Da muryata."

Ta ci gaba da shafawa, ba ta ɗago ba.

"Yaya, ban san muryar ba. Na zaci wata baƙuwa ce. Madam ce ta ce mini wasa ne, in tafi kar in buɗe ido, tana nan bayana. Da na ƙi motsi sai ta tura ni da gwiwarta."

Na ce mata to. Ta gama, ta rufe kwalbar, ta tashi za ta fita wanke hannu. Don haka in kuna neman wanda za ku yi wa addu'a a cikin labarin nan, kun ji sunanta, Ifeoma, ko da ba addininmu ɗaya ba, Allah ya san abin da ta yi. Ni dai abin da na yi kira ne kawai, ita ce ta saki. Binta ta kai bakin ƙofa na kira sunanta, ba don ina son komai ba. Ta waiwayo.